Kayan aikinmu ɗaya da su, amma wa ke da baki a ciki?

Tun da aiki ya kawo ni Turai, tambayar da ƙannenmu masu koyon gina shafukan intanet suka fi turo mini ita ce wane kayan aiki ake yayi a nan. Wannan ya ce React zai kama ko Vue (firamwok ne, wato shiryayyen kod da ake gina shafi a kansa), wancan ya ce ya ji wai an daina PHP, wani tsohon yaren rubuta kod, wani kuma gani yake akwai wani sirri da mutanen nan suke ɓoyewa. Amsar da nake ba su ba ta cika yi musu daɗi ba, domin babu wani sirri. VS Code, manhajar rubuta kod da ke kwamfutarka, ita ce a tawa. Git ɗaya ne, Node.js ɗaya ne, shafin MDN da nake buɗewa kullum don duba bayani kai ma a buɗe yake gare ka, kyauta. Da wuya a sami wata sana'a da na gida da na waje suke riƙe da kayan aiki iri ɗaya sak kamar wannan.

Bambancin da na gani a wani wuri yake. Abokan aikina na nan suna ɗaukar kansu masu baki a cikin kayan da suke aiki da su. Mu kuwa mun saba mu sauke, mu yi amfani, in abu ya yi gardama mu nemo dabarar kewaye shi, mu ja bakinmu mu yi shiru. Wannan shirun ne yake damuna, kuma a ganina shi ne yake jawo mana asarar da ba mu lura da ita.

Bari in fara da batun yayi, tun da shi ne yake cinye lokacin masu koyo. A 2010 Google ta fitar da firamwok ɗin AngularJS, aka yi ta rububinsa. A 2016 aka sake rubuta shi daga tushe, har ya zama wanda ya ƙware a tsohon sai ya koma ɗalibi, kuma a ƙarshen 2021 aka daina kula da tsohon baki ɗaya. Create React App, wanda dubban darussan bidiyo suka koyar da cewa da shi ake fara aiki, masu React da kansu suka yi masa ritaya a watan Fabrairun 2025, bayan Vite da Evan You ya fitar a 2020 ya riga ya kwashe jama'a. A gefe guda kuma WordPress, wanda aka fara tun 2003 a kan PHP ɗin da ake cewa ya mutu, har yau shi ke ɗauke da fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya.

Abin da ya ba ni mamaki a nan shi ne kamfanoni ba su da gaggawar da ake gani a kafofin sada zumunta. Kafin a yarda a shigo da sabon ƙunshin kod (wato kod ɗin da wasu suka rubuta don kowa ya ɗauka ya yi amfani) cikin aiki, sai an zauna an tambaya: su waye ke kula da shi, mutum nawa ne, yaushe suka yi gyara na ƙarshe, wane lasisi ne a kansa, kuma in suka watsar da shi gobe za mu iya riƙe shi da kanmu? Matashin da yake koyo shi kaɗai da YouTube ba shi da mai yi masa waɗannan tambayoyin. Abin da mai bidiyo ya ɗora a makon nan shi ne gaskiya a wurinsa, sai ya shekara yana tsalle daga wannan firamwok zuwa wancan, bai zauna ya san HTML, CSS da JavaScript ɗin da dukansu suke tsaye a kai ba. Alhali yayin ma juyawa yake yi. Bayan shekaru ana tura wa burauza tulin JavaScript don ta haɗa shafi da kanta, yanzu ga Astro da htmx, har da React ɗin kansa, suna komawa ga haɗa shafin a saba, wato kwamfutar da ke ajiye da shafin, kafin a aiko shi, wato kusan abin da masu PHP suke yi tun fil azal.

To, mene ne samun baki a cikin kayan aiki? Ba wani babban abu ba ne. A inda nake aiki, in muka ci karo da tangarɗa a wata buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa zai iya ganin kod ɗinta ya kawo gyara, ba a ɗaukar aiki ya ƙare don mun sami hanyar kewayewa. Sai wani ya zauna ya rage matsalar zuwa 'yan layuka kaɗan da kowa zai iya gwadawa, ya rubuta rahoto a GitHub, shafin da ake ajiye kod ɗin irin waɗannan manhajoji, in ya iya ma ya aika da gyara. Kuma lokacin da ya ɓata a kan haka ana lissafa shi a cikin aiki. Duk shekara a Brussels ana yin taron FOSDEM, ba kuɗin shiga, ba rajista, dubban mutane su cika azuzuwan jami'a, ka ga wanda ya rubuta manhajar da kake amfani da ita kullum a tsaye yana amsa tambayoyin ɗalibai. Gwamnatin Jamus ma a 2022 ta kafa asusu na musamman, Sovereign Tech Fund, don biyan masu kula da irin waɗannan manhajoji, saboda ta gane cewa tattalin arzikinta a kansu yake zaune.

Kuma bakin nan yana tasiri ko a kan manya. A 2017 lasisin React yana ɗauke da wani sharaɗi da jama'a suka ƙi. Gidauniyar Apache ta hana amfani da irin wannan lasisin a ayyukanta, masu WordPress suka ce za su bar React, kuma a watan Satumba na shekarar Facebook, wadda ta ƙirƙiri React, ta sauya zuwa lasisin MIT da ba shi da wannan sharaɗin. Da kowa ya yi shiru ya nemi dabarar kewayewa, da har yau sharaɗin yana nan.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Kayan aikin nan kamannin waɗanda suke magana a kansu suke ɗauka. Mai rubuta su yana zaune da kwamfuta mai ƙarfi, da intanet mai gudu wanda ba a auna masa shi, yana rubutu da harshen da haruffansa suke a kowace na'ura. Ba mugunta ce ta sa bai yi tunaninmu ba, bai ganmu ba ne.

Ɗauki haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Suna cikin Unicode, tsarin haruffan kwamfuta na duniya, tun da daɗewa, amma da yawa daga cikin salon haruffan da masu zanen shafuka suke ƙauna ba su da su. Shi ya sa kake buɗe shafin Hausa ka ga harafi ɗaya a tsakiyar kalma ya fita dabam, ya fi sauran kauri ko gajarta, domin burauza ta aro shi daga wani salon, ko kuma ka ga ɗan akwati a madadinsa. Akwai wadda ta fi wannan ɓoyuwa. Dabarar da aka fi yaɗawa ta mayar da kanun labari adireshin shafi ita ce a raba harafi da alamar da ke kansa, a jefar da alamar, sannan a share duk abin da ba ya cikin a zuwa z. Ga Faransanci wannan yana aiki, é ta koma e. Amma ƙ ba k ce mai alama ba, harafi ce mai zaman kanta da ba ta rabuwa, don haka sai a share ta ɗungurungum, kanun da ya fara da "ƙasa" ya fito a adireshi da "asa". Haka ma akwatin bincike: mai karatu ya rubuta kalma da k saboda wayarsa ba ta da ƙ, shafin ya ce masa babu, alhali labarin yana nan. Gyaran irin wannan sau da yawa bai wuce ƙara layi huɗu ko takwas a wani jadawali ba. Wanda yake kula da manhajar a Finland ko Brazil ba zai taɓa sanin akwai matsalar ba sai Bahaushe ya gaya masa. Mu kuma me muke yi? Sai mu cire lanƙwasar daga rubutunmu, mu lalata ƙa'idar harshenmu don mu daidaita da kuskuren manhaja. Wannan yana ƙona mini rai ƙwarai. Na ajami ma haka ne, ga salon haruffa irin su Alkalami da Harmattan da ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta fitar da buɗaɗɗen lasisi don rubutun Afirka ta Yamma, amma nawa ne daga cikinmu suka gwada su a shafi suka faɗi inda suka gaza?

Nauyin shafi ma haka. A nan sai an tuna wa mutum ya buɗe kayan gwaji na Chrome ya rage gudun intanet da ƙarfin na'ura da gangan, don ya ɗanɗana abin da mai ƙaramar waya yake gani. Kai da kake gida ba ka buƙatar kwaikwayo, wayar tana aljihunka, netwok ɗin da yake zuwa yana ɗaukewa shi ne naka na kullum. Ka san shafin da yake barin mutum yana kallon farin allo saboda yana jiran JavaScript, ka san fom ɗin da yake goge duk abin da ka cike in layi ya yanke. Wannan ilimi ne da injiniyoyin nan suke kashe kuɗi su samu, kuma rahoton da ya zo da sunan waya, da irin burauza, da daƙiƙun da shafi ya ɗauka, abu ne da masu kula da manhaja na kirki suke karɓa hannu bibbiyu.

Ban manta da uzurin da ke akwai ba, kuma uzuri ne na gaske. Wanda yake lissafin data kafin ya sauke ɗaruruwan megabayit da sabon aiki yake jawowa daga npm, rumbun ƙunshin kod na JavaScript, wanda wuta take ɗauke masa a tsakiyar aiki, wanda abin da zai rufa wa kansa asiri yake nema, ba daidai yake da wanda kamfani yake biya ya zauna ya rubuta rahoto ba. Akwai kuma kunya, da tsoron kada Turancinka ya ba da kai a gaban duniya. Duk na yarda. Sai dai rahoto ɗaya mai kyau bai kai nauyin bidiyon darasi ɗaya a data ba, kuma yawancin masu kula da manhajojin nan su ma Turanci ba harshen iyayensu ba ne.

Kada kuma a ɗauka nan komai lafiya lau ne. Gidan buɗaɗɗiyar manhaja a kan mutane ƙalilan yake tsaye, kuma da yawansu sun gaji. A watan Maris na 2016 mutum ɗaya ya janye wani ƙunshi mai layi 11 daga npm, left-pad, ayyuka dubbai suka tsaya cak. A Disambar 2021 aka gano ɓarakar tsaro a wani ƙunshi mai suna Log4j, manyan kamfanonin duniya suka rikice, ashe 'yan sa-kai ne suke riƙe da shi. Na XZ Utils, manhajar matse fayiloli, a Maris ɗin 2024 ya fi ban tsoro: mai kula da shi shi kaɗai ne, ya riga ya faɗa a fili cewa nauyin ya fi ƙarfinsa, sai wani ya shafe kusan shekara biyu yana taimaka masa har ya sami amincewa, sannan ya dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse cikin na'urorin mutane. Wani injiniya, Andres Freund, shi ya gano, don kawai ya lura shiga wata na'ura ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Kamfanonin nan da nake yabo, da yawansu ci suke yi ba sa mayar da komai. Ma'anar wannan a gare mu ita ce ana neman hannu da gaske, ba alfarma za a yi mana ba.

Amma hannu na gaskiya ake nema. Akwai wata ɗabi'a da nake gani tana yaɗuwa a tsakanin masu neman aiki, ta aika gyaran banza don kawai shafinsu na GitHub ya yi kore, alamar cewa suna yawan aiki. A Hacktoberfest na 2020, shirin ƙarfafa aika gyara ga buɗaɗɗun manhajoji, masu neman kyautar riga sun cika ayyukan mutane da gyaran waƙafi da aya har sai da aka sauya dokar shirin. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta sauƙaƙa ɓarnar, Daniel Stenberg mai manhajar curl ya sha kokawa a fili kan rahotannin ƙarya da na'ura take rubutawa, waɗanda suke cinye lokacin mutanensa. Wanda ya aika abin da bai gwada ba, bai ma fahimta ba, nauyi ya ƙara wa wanda ya riga ya gaji.

Ba daga sifili za mu fara ba. Segun Adebayo, ɗan Najeriya, shi ya ƙirƙiri Chakra UI, ƙunshin tsara fuskar shafi da ake amfani da shi a ƙasashe da dama. Ƙungiyar Open Source Community Africa tana tara matasa a kan wannan aikin. Masu HausaNLP da Masakhane suna tattara bayanan harshe a buɗe, ana ba da murya a Common Voice na Mozilla, masu Wikipedia ta Hausa kuma sun nuna cewa mutanenmu suna iya aikin sa-kai mai ɗorewa. Inda har yanzu ban cika ganin sunayenmu ba shi ne a can ƙasa, cikin ƙananan ƙunshin da suke sarrafa haruffa, kwanan wata, bincike da fom, waɗanda kowane shafin Hausa yake bi ta kansu.

Mu da muke waje ma akwai namu laifin, domin mun fi kowa samun wuta da lokaci, kuma mun ga yadda ake yi. Abin da ya kamace mu ya wuce aika wa ƙannenmu jerin darussa. Mu zauna da su ta waya mu karanta kod ɗin wani ƙunshi tare, mu duba musu rahoton farko kafin su tura: me ka yi, me ka sa ran gani, me ya fito, a wace na'ura, da wane zubin manhajar. Duk wanda yake da shafin Hausa a hannunsa yau, ya rubuta kanu mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, manya da ƙanana, ya duba adireshin da ya fito, ya neme shi a akwatin bincike, sannan ya buɗe shi a waya mafi arha da ke kusa da shi. Abin da ya karye, ya bi sawunsa har ya gano ƙunshin da ya jawo, ya rubuta musu.