Malam, Ka Saurari Kowane Yaro Shi Kaɗai

'Yan'uwana malaman firamare, musamman ku matasa da kuka kama alli kwanan nan, akwai abin da yake ruɗin mu a aji, kuma lokaci ya yi da za mu gaya wa juna gaskiya. Malami zai rubuta jimla a allo, ya karanta, yara su amsa da murya ɗaya har ajin da ke makwabtaka ya ji. Ya ga bakin kowa yana motsi, sai ya fita ransa fari, wai an iya. To gobe ka kira yaro ɗaya daga bencin baya, ka rufe jimlar da tafin hannunka, ka bar masa kalma ta uku kawai. Za ka ga ya ɗaga kai sama, yana rero jimlar ƙasa-ƙasa tun daga farko, yana lanƙwasa yatsu har ya iso wurin. Wannan yaron hadda ya yi, bai iya haɗa baƙi ba. Kuma a haka za a yi ta tura shi gaba har aji huɗu, inda littafin lissafi da na kimiyya duk sun ɗauka ya riga ya iya karatu.

Matsalar ta wuce aji ɗaya ko ƙasa ɗaya. A 2019 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 53 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi. Bayan rufe makarantu saboda korona, ƙiyasin 2022 ya kai kashi 70, a Afirka kudu da Sahara kuwa kusan yara tara cikin goma. Yawancinsu fa suna zuwa makaranta, ana kiran sunansu a rajista kullum.

Karatu daga kunne yake farawa. Kafin ka ɗora wa yaro harafi, ka tabbata yana jin sautin da ke cikin kalma. Ka ce masa "baki", ka ce "baƙi", ka tambaye shi ko ɗaya ne. Ka ce "kafa" da "ƙafa", "bata" da "ɓata". Idan kunnensa ya rarrabe, lanƙwasar da ke kan harafin za ta yi masa ma'ana. Daga nan ka koya masa sautin harafi, kada ka tsaya ga sunansa. Baƙi ya haɗu da wasali su ba da gaɓa, gaɓa ta haɗu da gaɓa: ma da ge, mage, ta da sa, tasa. Ranar da yaro ya haɗa kalmar da bai taɓa gani a allo ba, da kansa, ka duba fuskarsa. Wallahi babu abin da ya fi wannan daɗi a aikinmu.

Mai koyarwa da Hausa ma ya yi sa'a, domin wasula biyar ne, kuma galibin haruffa sauti ɗaya suke riƙewa duk inda suka je. Shi ya sa nake jin takaici idan na ga an fara wa ɗan shekara shida da harshen da bai taɓa ji a gida ba, a ce ya koyi harshen kuma ya koyi karatu a lokaci guda. Tun 1953 hukumar UNESCO ta ba da shawarar a fara karantar da yaro da harshen uwa. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwaji a Ife, aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, ba su kuma gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. Wanda ya gane yadda harafi ke ɗaukar sauti a harshensa, da wannan sanin zai shiga wani harshen.

Sai rubutu, inda muka fi sakaci. Kwafar allo ba ta nuna komai sai cewa yaro yana da ido da hannu. Zai cika shafi da kyakkyawan rubutu, ka tambaye shi me ya rubuta, ya yi shiru. Ku dawo da shifta, ko da kalma biyar ce a rana. Ku bar yaro ya rubuta jimlarsa ta kansa, abin da ya gani da safe ko sunan wanda yake so, ko da ta fito a karkace. Ku duba yadda yake riƙe fensir tun da wuri, don gyara yana wuya idan hannu ya saba. Idan ya juya b ta koma d, wannan abu ne da aka saba gani ga masu fara koyo, ba daƙiƙanci ba ne, kuma bulala ba ta gyara shi. Don Allah kada ka cika masa shafi da jan biro. Zaɓi kuskure ɗaya, ku gyara tare, ka bar sauran sai gobe. Yaron da aka kunyata a gaban 'yan ajinsu zai koyi ɓuya ne, ya riƙa motsa baki cikin taro don kada a gane shi.

Na san abin da za ku ce: aji ya cika maƙil, littattafai ba su isa ba, manhaja kuma tana jira. Gaskiya ne. Amma ƙungiyar Pratham ta Indiya da irin waɗannan azuzuwan ta yi aiki. Suna gwada yaro shi kaɗai: ya san haruffa? Yana karanta kalma? Sakin layi fa, ko cikakken labari? Sai a raba yara rukuni-rukuni gwargwadon inda kowa ya tsaya, ba bisa ajinsa ba, a ware musu lokaci kullum. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, suna cikin masanan da suka gwada tsarin suka ga yana aiki. Kai ma kana iya kiran yara biyar a rana yayin da sauran ke rubutu, ka rubuta matsayin kowa a gefen rajistarka. Kafin wata ya ƙare ka san ajinka. Gama manhaja a kan yaran da ba sa karatu ba abin alfahari ba ne.

Kuma ku riƙa karanta musu labari da murya mai rai, ku tsaya a tsakiya ku tambaya: me kuke jin zai faru? Me ya sa ta yi kuka? Idan iyaye suka zo tambayar yadda ɗansu yake, kada ku miƙa musu sakamakon jarrabawa kawai. Ku rubuta sabuwar jimla a takarda, ku ba yaron ya karanta a gabansu, sannan ku nuna musu gaɓoɓin da za su riƙa bi da shi a gida.