Masu tonon kabari da babban yatsa

Ban kama sunan kowa ba. Wanda ya tsargu, shi ya san abin da ya shuka.

Wai an gano ƙasusuwan Yesu, wai masana sun tono, magana ta ƙare. Kuma duk ranakun Allah ba a ga ranar turo bidiyon a zauren WhatsApp na matasan ikkilisiya ba sai Jumma'a Mai Kyau, muna tsakiyar sujada. Har da ƙarin gishiri a ƙasa: wai wasu sun iya waƙa da tafi, karatu ne ya gagare su. Mun ji. Mun kuma san "wasu" ɗin da ake nufi.

Ranka ya daɗe, mai tonon kabari da babban yatsa, labarin da ka kawo mana da zafinsa ya girme ka. A 1980 magina suka ci karo da kabarin nan a unguwar Talpiot ta Urushalima. Akwatunan dutse goma na ajiye ƙasusuwa aka samu a ciki, shida da rubutu. Ɗaya an karanta "Yeshuwa ɗan Yusufu", akwai kuma Maryamu. Aka kwashe aka adana, ba wanda ya buga ganga sosai, sai a 2007 da masu shirya fim suka hango kasuwa. Amos Kloner, masanin da ya yi aikin kabarin ya kuma wallafa rahotonsa a 1996, shi da kansa ya fito ya yi watsi da zancen. Wanda ya shiga ramin ya ce a'a, wanda ya shiga da data ta naira ɗari biyu ya ce e. Ikon Allah!

A zamanin Yesu Maryamu shi ne sunan da ya fi yawa a cikin matan Yahudawa, Yusufu na biye da Siman a cikin maza, Yeshuwa ma ba baƙo ba ne. Je ka kasuwar Sabon Tasha ka ɗaga murya ka ce "Maman Yohanna!" ka ƙirga matan da za su waiwayo, sannan ka dawo ka gaya mana wacce ce matar Zakariya.

Amma ga inda nake so a tsaya a yi tunani, in akwai abin yin tunanin. Al'adar Yahudawan wancan zamani ita ce a kwantar da gawa, sai bayan kamar shekara guda dangi su dawo su tattara ƙasusuwa a akwati. Ke nan kana gaya mana dangin Yesu sun tattara ƙasusuwansa, sun sassaƙa sunansa a jikin dutse, 'yan kilomitoci daga inda Bitrus ke tsaye yana shelar ya tashi. Kuma Yakubu ɗan'uwansa, wanda ya fi kowa sanin inda kabarin gidansu yake, ya shugabanci ikkilisiyar Urushalima har aka jejjefe shi a shekara ta 62, bai taɓa cewa a dakata ba. Manyan firistoci da ke neman hanyar rufe bakin almajirai su ma ba su san hanyar Talpiot ba? Sai kai, daga kan benci a Narayi? Talakawan Nazarat kuma ina suka samo kuɗin kabarin dutse a Urushalima, alhali aron na Yusufu mutumin Arimatiya aka yi?

Tunda tono ake so, a tono duka. Dutse mai sunan Bilatus ya fito a Kaisariya a 1961. A 1968 an sami ƙashin dunduniyar wani Yehohanan da ƙusa a ciki, an gicciye shi an kuma binne shi, ga masu cewa ba a binne wanda aka gicciye. Waɗannan ba su shigo wayarka ba, ko? Ban ce shebur zai tono tashin matattu ba. Ba a kansa na ba da gaskiya ba, ba kuma a kansa zan fasa ba.

Ni malamin makarantar Lahadi ne, ban taɓa cewa ina da digiri ba, kuma ba na jin kunya. Amma a daina raina mana hankali. Duk shekarun da ake riƙe da makirfon a gaban mawaƙa ba a ga ƙashin kowa ba. Sai da aka faɗi zaɓen shugaban matasa, sannan babban yatsa ya fara tono. Ni na kaɗa maka ƙuri'a ko ban kaɗa ba, wannan tsakanina da Allah ne, amma ba ni na ce a binciki kuɗin kayan kiɗa ba, kowa ya san wanda ya miƙe a taron. In haushina ake ji, a zo a same ni, an san gidanmu. Yaran da nake koyarwa 'yan shekara goma sha biyu suna cikin zauren nan, iyayensu suna ta kirana tun jiya. A cire bidiyon.