Komawa aji bayan haihuwa huɗu

A layinmu a unguwar Mabera, cikin Sakkwato, akwai wata mai ɗinki, 'ya'yanta huɗu, wadda ta zauna jarrabawar NECO har sau uku kafin lissafi ya sake ta. Karon farko tana budurwa. Ta faɗi, aka ɗaura aure, magana ta mutu. Sai bayan shekara goma sha biyu ta yi rajistar ta 'yan waje, wadda ake yi ƙarshen shekara. Na sha kai mata ɗinki bayan isha'i in tarar da ita kan tabarma ɗaya da babbar ɗiyarta, an jingina fitilar waya da kwanon sha, yarinyar na cewa, "Inna, ba haka ba ne, sake dubawa." Dangin miji kuwa ba irin ba'ar da ba su yi ba, har da masu tambaya ko kujerar gwamna za a ba ta. Yanzu tana karatun NCE a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari.

Mun saba yi wa wanda ya gama a kan kari walima, kuma ya cancanta. Amma a ganina wanda ya tsaya ya dawo ya fi girgiza gida, domin yara sun ga faɗuwarsa da idonsu, sun kuma ga tashinsa. Nasiha ba ta kai nan.

Abin mamaki shi ne a ce a Sakkwato ake yi wa matar aure dariya don ta ɗauki littafi. Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa 'Yan Taru, tsarin karantar da mata. Jajis ɗinta, wato jagororin tsarin, dattawan mata ne, takan naɗa su da malfa, su zo su karɓi karatu a wurinta su kai wa matan ƙauyuka a gidajen aurensu. Ba wadda aka ce wa lokacinta ya wuce.

Na san abin da za a ce: ga masu digiri nan suna kabu-kabu, me takarda ta tsinana? Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Yajin aikin ASUU na 2022 ya cinye wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma ɗaliban Jami'ar Danfodiyo da dama sun kama sana'a a lokacin, wasu har suka ji komawa ɓata lokaci ne. Sai dai mai kabu-kabun da ya ƙarasa yana da ƙofar da zai iya ƙwanƙwasawa gobe. Wanda ya bari a shekarar ƙarshe kuwa, kuɗin rajistar da uwarsa ta sayar da tunkiya ta biya sun bi ruwa.

Inda nake da ƙorafi shi ne yadda muke sakar wa mai komawa kaya shi kaɗai, sai ya kai gaci mu zo muna yabon haƙurinsa. Maƙwabciyar tawa ba jinjina ta nema ba ranar jarrabawa. Mai riƙe mata goyo ta nema, da kuɗin mota. Kishiyarta ce ta riƙe yaron, mijin ya biya rajista bayan an kai ruwa rana.

Ɗiyar nan mai koya wa uwa lissafi bana take ajin ƙarshe a sakandare. Kwanan baya aka turo neman aurenta. Uwar ta ce a dakata ta gama jarrabawa tukuna, uban kuma bai musa ba.