Hular Kwano Ba Ta Koya Wa Mutum Tuƙi

Masu fargabar hawan keke a hanyoyin tsauni, irin na Glentress a Sikotilan ko Coed y Brenin a Wales, sukan ɗauka idan sun sa hular kwano mai rufe haɓa da makarin gwiwa, to ko'ina ma za su iya bi. Ba haka abin yake ba.

Cikin hular wani busasshen soso ne da ke murƙushewa ya shanye bugu, sau ɗaya tak. Idan ta bugu sai a canza ta, ko da ba a ga tsaga ba. Gwajin da ake yi mata a Turai kuwa bai wuce gudun kilomita 20 a awa ba, alhali mai gangarowa yakan fi haka gudu.

Kuma mai tsoro sandarewa yake yi, ya damƙe birkin gaba, sai ka gan shi ya kifa ta ka. Ƙashin kafaɗa da wuyan hannu ne ke shan kashi, inda hular ba ta kai ba.

Shi ya sa aka yi wa hanyoyin alama da launi: kore ta 'yan koyo, sai shuɗi, sai ja, baƙi kuma na gwanaye. Mai fargaba ya sa kayansa, amma ya fara da kore.