Kuskuren da ake yi da controller_name a Rails

Masu koyon Ruby on Rails (wani tsari na gina manhajojin intanet) da dama sun ɗauka cewa controller_name, idan aka kira shi daga cikin shafin nuni (view, wato fayil ɗin da ke tsara abin da mai ziyara zai gani), zai ba su cikakken sunan kontirolar da ke aiki a lokacin, wato ɓangaren manhajar da ke karɓar bukatar mai ziyara ya amsa ta. Ba haka abin yake ba. Guntun suna kawai yake dawowa da shi, da ƙananan haruffa, ya yar da duk abin da ya zo gabansa.

A ce kana da UsersController na masu ziyara, kana kuma da Admin::UsersController na masu kula da shafin. Dukkansu biyun, controller_name zai ce maka "users". To, ka rubuta sharaɗi a cikin shimfiɗar shafi (layout, wato tsarin da shafuka suke tarayya a kai) cewa maɓallin masu ziyara na jerin gefe ya haskaka idan sunan "users" ne. Kana shiga ɓangaren masu kula, sai ka ga maɓallin masu ziyara ya haskaka. Babu saƙon kuskure ko ɗaya, shi ya sa mutum kan ɓata yini guda yana lalube inda matsalar ba ta nan.

Abin da ya dace a nan shi ne controller_path. Shi yana riƙe da rukunin da kontirolar take ciki, sai ya ba ka "admin/users" ga ɗaya, "users" ga ɗayar. In kana son sanin aikin da ake yi kuma, action_name yana nan.

Ni dai ina ganin gara kontirola ta miƙa wa shafin nuni bayanin da yake bukata kai tsaye, domin ranar da aka sauya mata suna, sharuɗɗan nan duk za su daina aiki shiru.