Soto ya tafi, amma ni zagaye na biyar ne ke hana ni barci

Tun ranar da labarin komawar ɗan wasan besbol Juan Soto daga ƙungiyarmu ta Yankees zuwa ƙungiyar Mets ya fito a Disambar 2024 nake shan tsiya a wajen wani abokina, ɗan Zangon Kumasi, da muke haɗuwa a masallacin unguwarmu a nan Bronx. Ko gaisuwa ba ya bari mu gama sai ya kama hannuna ya ce, "Malam, yaya haƙuri?" sai ka ce rasuwa aka yi mini. Na kame bakina har wata guda don kada in yi magana cikin fushi. Yanzu, a farkon 2025, zuciya ta huce, ga abin da nake gani game da Yankees da shirin da suke yi wa kakar besbol ta 2025.

Ni dai ban ga laifin Soto ba. Mets sun ajiye masa dala miliyan 765 na shekara 15, Yankees suka tsaya a miliyan 760 na shekara 16. Yaro ɗan shekara 26 ya duba ya ɗauki wanda ya fi tsoka. Mu da muka baro iyaye da dangi muka ƙetaro teku don neman abin kai, da wane baki za mu zagi wanda ya haye daga Bronx zuwa Queens kawai? Kuma a shekara ɗayar da ya yi mana bai ci amana ba. Sau 41 ya buga ƙwallo ta ƙetare katanga, sau 129 masu jifa suka gwammace su ba shi hanya ya wuce tashar farko a kyauta. Bugunsa na zagaye na goma a Cleveland shi ya kai mu World Series, wato jerin wasannin ƙarshe na cin kofi, karon farko tun 2009. Duk mai cewa ba a yi asara ba, lallashin kansa yake yi.

Sai dai Soto yana cikin fili a daren 30 ga Oktoban 2024, kuma yana tsaye yana kallo aka yi mana abin da aka yi. Ku tuna yadda ta kasance. Wasa na biyar na World Series da Dodgers, a gidanmu, muna gaba da maki 5 da nema, mai jifanmu Gerrit Cole ya yi zagaye huɗu babu ɗan Dodgers ɗaya da ya samu bugu mai kyau a kansa. Ana shiga zagaye na biyar Kiké Hernández ya samu bugu ya tsaya a tashar farko, sai Tommy Edman ya ɗaga ƙwallo kai tsaye wajen Aaron Judge, irin wadda yaran makaranta ke kamawa, ta bugi safar hannunsa ta faɗi. Kuskurensa na farko ke nan a duk shekarar. Daga nan Anthony Volpe ya tsinci ƙwallo ya wurga tasha ta uku, ta daki ƙasa kafin ta isa. Tashoshi uku suka cika. Cole ya yi ta maza, ya fitar da Gavin Lux, ya fitar da Shohei Ohtani, saura mutum ɗaya mu tsira. Mookie Betts ya gangaro da ƙwallo a hankali wajen Anthony Rizzo, mai tsaron tashar farko, abin da ya rage kawai Cole ya ruga ya taka tashar farko. Bai ruga ba. Tsayawa ya yi yana nuni da yatsa. Freddie Freeman da Teoscar Hernández suka ƙarasa aikin, 5 da 5, daga ƙarshe Dodgers suka ci 7 da 6 suka ɗaga kofi a kan idonmu.

Har gobe idan na hau jirgi mai lamba 4 ya bi ta titi na 161, na hango filin ta taga, wannan yatsan nake gani.

To wannan zagayen babu miliyan 765 da za su gyara shi. Kama ƙwallo ne, da wurga ta daidai, da sanin inda ya kamata ka tsaya. Kuma ba ranar aka fara ba. A wasan farko a Los Angeles kowa na tuna bugun Freeman a kan Nestor Cortes, amma kafin nan, a zagaye na takwas, sakacin Gleyber Torres ne ya bar Ohtani ya kai tasha ta uku har ya ci makin da ya daidaita wasan. Duk tsawon kakar haka muke, ƙarfin Judge da Soto yana rufe ɓarakar, mu kuma muna tafi.

Shi ya sa cinikin da Brian Cashman, babban manajan Yankees, ya yi bayan tafiyar Soto bai ɓata mini rai ba. Max Fried, shekara 8 a kan dala miliyan 218. Eh, shekarun sun yi yawa ga mai jifa da ya haura 30, kuma ƙarshen kwantiragin zai yi ɗaci. Amma bahago ne da ya san manyan wasanni, shi ya yi jifa a wasan da Braves suka ɗauki kofi a 2021, kuma sau uku yana cin kyautar safar zinare ta iya tsaron fili. Wato irin mutumin da ba sai an ce masa ya ruga tashar farko ba. Idan ka jera shi da Cole da Carlos Rodón da Clarke Schmidt da Luis Gil, wanda ya ci kyautar gwarzon sabbin 'yan wasa, ban ga wanda zai raina masu jifanmu ba.

Devin Williams kuma, da aka karɓo daga Brewers a bakin Cortes da Caleb Durbin, abokin nan nawa ya riga ya tuna mini cewa Pete Alonso, ɗan wasan Mets a lokacin, shi ya kora shi gida a Oktoban 2024. Na sani. Bugu ɗaya ba ya goge shekarun da ya yi yana rufe wasa, kuma samun shi da Luke Weaver a ƙarshen wasa ya fi fargabar da muka sha da Clay Holmes, wanda shi ma Mets suka kwashe, Allah Ya ba su haƙurin zama da shi.

Wanda na fi sa wa ido shi ne Cody Bellinger. Ba Bellinger na 2019 ba ne, wanda ya tsallake katanga sau 47 ya kuma ci kyautar gwarzon shekara; a 2024 sau 18 kawai ya yi a Cubs. Amma da hagu yake bugu, katangar damanmu kuwa ƙafa 314 ce kacal, kamar don shi aka gina ta. Abin da ya fi wannan, zuwansa zai sa Judge ya koma tsaron ɓangaren dama inda ya saba. Mutum mai wannan jiki, da shekara 32 a kansa a farkon 2025, bai kamata a ce shi ke zaryar tsakiyar fili kullum ba. Mahaifin Bellinger ma, Clay, ya sa wannan riga, ko da yake wannan ba ya ƙara maki ko ɗaya.

Paul Goldschmidt kwantiragin shekara ɗaya aka ba shi, dala miliyan 12.5, yana ɗan shekara 37 a lokacin, kuma 2024 ce kakarsa mafi rauni zuwa lokacin. Idan ya farfaɗo riba, idan bai farfaɗo ba, aƙalla ya iya tsare tashar farko.

Inda hankalina bai kwanta ba shi ne, wa zai riƙa tsayawa a tasha kafin Judge ya zo bugu? Judge ya tsallake katanga sau 58 a 2024, ya shigo da maki 144, kuma da yawa daga cikin makin nan Soto ne ke tsaye yana jiran a koro shi gida. Torres da ke buɗe mana layi ya tafi Detroit. Yanzu mai jifa zai iya kauce wa Judge ya ce bari in gwada na bayansa. Giancarlo Stanton ya yi abin mamaki a Oktoba, sau 7 yana tsallake katanga, amma duk wanda ya san ƙafafun Stanton ba ya yi masa lissafin wata shida a jere. Jasson Domínguez kuma tun yana ɗan shekara 16 ake mana kirarinsa, sai ga shi a watan Satumba ƙwallon sama na ruɗa shi a ɓangaren hagu, har aka koma ga Alex Verdugo. Ina so a ba shi wurin, a kuma bar shi ya yi kuskurensa a Afrilu, kada a yi ta cire shi ana mayarwa.

Sai tasha ta uku, wadda zuwa farkon 2025 babu mai ita. Idan Jazz Chisholm ya koma tasha ta biyu, inda ya fi sabawa, wa za a ba? DJ LeMahieu? Ina girmama shi, amma wanda ya kalle shi a 2024 ya san jiki ya gaji. Hal Steinbrenner, mai ƙungiyar, ya yarda zai kashe miliyan 760 a kan mutum ɗaya, bai kamata yanzu ya fara ƙirga canji a kan wannan gurbin ba.

Maganar Aaron Boone ba zan tsawaita ba. Tun 2018 yake riƙe da ƙungiyar, kuma idan yara suka kasa abin da ake koyarwa a makon farko na atisaye, malaminsu ake tambaya. Ba jawabi nake jira daga gare shi a sansanin atisaye na Tampa cikin Fabrairu ba. So nake in ga hoton masu jifa suna gudu zuwa tashar farko har su gaji.

Mets za su zo Bronx cikin watan Mayun 2025. Abokina ya ce shi zai saya mana tikiti, a kujerun da ke bayan ɓangaren dama, don in ga Soto da kyau. Na ce na yarda, da sharaɗin ya bar hularsa a gida.