Lauyan gwamnati ne aka manta da shi a gyaran shari'a

Tun watan Agustan 2024 da Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar da ta ƙara albashin alƙalai da kashi 300 cikin ɗari, ake ta maimaita wata magana a tarukan lauyoyi da shirye-shiryen rediyo a nan Kano, wai an kama hanyar kawo ƙarshen jinkirin shari'a. Maganar nan tana ɓata mini rai. Alƙalai sun cancanci ƙarin, don sun haura shekara 15 a kan albashi ɗaya. Amma duk wanda ya san yadda fayil ke tafiya ya san cewa babbar shari'ar laifi tana makalewa ne tun kafin ta isa gaban alƙalin Babbar Kotu, a kan teburin lauyan gwamnati, kuma shi babu wanda ya tuna da shi.

Mu bi fayil ɗaya. An kama mutum bisa zargin fashi da makami ko kisan kai. 'Yan sanda za su kai shi gaban majistare a Nomansland ko Gidan Murtala da rahoton farko. Majistare ba shi da hurumin sauraron irin wannan laifi, don haka sai ya ce a kai shi ajiya gidan yarin Kurmawa ko Goron Dutse, ya ɗage zama don jiran shawarar ma'aikatar shari'a. Daga nan sashen binciken manyan laifuka na Bompai zai tura fayil ɗin zuwa ma'aikatar shari'a a Sakatariyar Audu Baƙo, daraktan gabatar da ƙararraki ya miƙa wa wani lauya. Lauyan ne zai karanta bayanan shaidu ɗaya bayan ɗaya, ya auna ko hujjar ta kai a gurfanar ko a sallama, ya rubuta shawara, ya tsara takardar tuhuma da jerin shaidu da taƙaitaccen abin da kowanne zai faɗa, sannan ya shigar a Babbar Kotu. Kafin a kai nan, alƙalin da aka ƙara wa albashi ko sunan wanda ake zargi bai ji ba.

Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda Kano ta ɗauko tsarinta ta yi tata a 2019, ta ɗaure wannan aiki da wa'adi. A ta tarayya, sashe na 376 ya ba ofishin antoni janar kwana 14 daga karɓar fayil ya fitar da shawara, kuma umarnin ajiya kwana 14 ne a karon farko, ba a sabunta shi sai da dalili. Manufar mai kyau ce. Sai dai an rubuta wa'adi a takarda, ba a rubuta adadin lauyoyin da za su cika shi ba.

Masu cewa lalaci ne ya hana lauyoyin gwamnati aiki, su je su buɗe fayil guda su gani. Sau da yawa yakan iso babu rahoton likita a shari'ar fyaɗe, ko babu takardar binciken gawa a shari'ar kisa. Za ka ga bayanin amsa laifi an rubuta shi da Turanci, alhali wanda ake zargi Hausa kaɗai yake ji, babu asalin bayanin na Hausa, babu sa hannun tafinta. Doka ta ce a ɗauki irin wannan bayani a bidiyo ko a gaban lauyan wanda ake zargi, kuma Kotun Ƙoli ta tsananta a kan hakan a 'yan shekarun nan, amma sai a kawo fayil babu ko ɗaya. Lauya mai tsoron Allah ba zai tuhumi mutum da laifin da hukuncinsa kisa ne a kan irin wannan ba. Dole ya mayar da fayil a cike giɓi. Kafin ya dawo, an yi wa ɗan sandan da ya yi binciken canjin wurin aiki zuwa wata jiha. In ma an shiga kotu, shaida yana Doguwa ko Tudun Wada, ba shi da kuɗin mota, kuma lauyan ne alƙali zai tsare da ido ya ce ina shaidunka. Wasu daga aljihunsu suke biyan kuɗin motar, don kada a kori ƙarar da suka sha wahala a kanta.

A kan wannan kayan ake son ɗora wani. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2006 a shari'ar Osahon, wanda ya ce ɗan sanda na iya gabatar da ƙara a kotu, ake muhawara kan ɗan sanda mai gabatar da ƙara. Sashe na 106 na dokar 2015 ya taƙaita gabatar da ƙara ga lauyoyi a kotunan da dokar ta shafa, sashe na 66 na dokar 'yan sanda ta 2020 ma ya fifita ɗan sandan da ya karanci lauya, kuma kiran a janye sauran gaba ɗaya sai ƙaruwa yake. Ina goyon bayan manufar. Amma Kano tana da ƙananan hukumomi 44, ga kotunan majistare, ga kotunan shari'ar Musulunci. Ranar da aka janye kofur da saje daga waɗannan kotuna, wa zai tsaya a wurinsu? Lauyan nan dai da fayil ya riga ya binne.

To, me aka ba shi? Ma'aikacin gwamnati ne da ke hawa mataki-mataki kamar kowa. Jadawali na biyar na kundin tsarin mulki ya haramta masa kowace sana'a ta ƙashin kansa, banda noma, don haka ba zai karɓi ko rubuta yarjejeniyar cinikin fili a gefe ba. Abokin karatunsa da ya buɗe ofis a titin Zoo ko Murtala Muhammad yana iya samun albashinsa na wata a aiki ɗaya, kuma shi ne zai tsaya ɗaya ɓangaren yana kare wanda ake tuhuma, da sabbin littattafan hukunce-hukunce da yara masu yi masa bincike. Ƙa'idojin aikin lauya na 2023, da suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024, sun ci gaba da wajabta kwasa-kwasan ƙara ilimi, kuma waɗannan ba kyauta ake yin su ba. Mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 da jiha ta amince da shi a 2024 ya taɓa kowa, amma bai kai ya goge abin da cire tallafin man fetur ya yi wa mai zirga-zirga tsakanin sakatariya da kotunan Miller Road da Gyaɗi-Gyaɗi kullum ba.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. A watan Yunin 2023 aka gyara kundin tsarin mulki, shekarun ritayar alƙalan manyan kotuna suka tashi daga 65 zuwa 70. Lauyan gwamnati kuwa yana nan a kan shekara 60 da haihuwa ko 35 a aiki. Burin da yawansu shi ne bayan shekara goma da zama lauya, wadda ita ce sharaɗin sashe na 271 na kundin tsarin mulki, su samu kujerar alƙali. Yanzu kujerun da za su faɗi babu kowa an jinkirta su da shekara biyar. An toshe ƙofar sama, ba a gyara ɗakin da yake zaune ba. Haziƙi sai ya tattara ya koma hukumar tarayya ko banki ko kamfani, a bar sabon shiga da shari'ar kisan kai.

Wasu na cewa maganin shi ne a raba ofishin antoni janar da na kwamishinan shari'a, shawarar da Shugaba Jonathan ya ƙi sa wa hannu a 2015. Ko an raba gobe, ikon gabatar da ƙara na sashe na 211 na kundin tsarin mulki ne zai canza hannu, fayil ɗin kuwa yana nan kan teburin da yake. Zagayen da babbar mai shari'a ke yi gidajen gyaran hali tana sallamar waɗanda suka daɗe alheri ne, amma kwasar ruwa ne a bakin famfon da ba a rufe ba, a ƙasar da kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yari masu jiran shari'a ne.

Majalisar dokokin jiha ta yi doka ta ba lauyoyin gwamnati tsarin albashi nasu, wanda ba zai gaza na majistare ba, tunda tare suka fito makarantar lauyoyi. A ɗauki sababbi, a ware kuɗin shaidu da za a iya taɓawa ranar zama, a kuma ajiye lauya a Bompai ya duba fayil tun ana bincike, kafin a rufe shi da giɓi. Idan kwamishinan shari'a ya zo kare kasafin kuɗinsa, 'yan majalisa su tambaye shi lauya nawa ne a sashen gabatar da ƙararraki, fayil nawa ke hannun kowanne, kuma wanda ya fi daɗewa wace shekara ya shigo.